Tabon da ba ya ƙaiƙayi

Sati uku wata ƴar ƙungiyarmu tana aiko da zubinta ta hannun ɗiyarta, ita ba ta zo ba. Muka ce wannan ba halinta ba ne, muka tashi mu biyu muka iske ta gida. Sai da ta tura ƙyaure kana ta sassauta zane ta gwada muna bayanta: tabo biyu, sun fi sauran jikinta haske, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Kusan shekara tana shafa man da ta saya wurin mai talla. Mu ma ƙyasfi muka ce, Allah ya yafe muna, har ɗayarmu ta kawo shawarar wani man.

Abin da ya tsaya muna a rai, ta ce ran nan garwashi ya ƙona ta a yatsa, ba ta ji ba sai da ta ga bororo. Nan muka ciro jika biyu daga asusun taimako, muka raka ta likita.

Majo bai gaggauta rubuta magani ba. Ya ce: "Iya, rufe idonki." Ya ɗauki ƴar auduga ya taɓa lafiyayyar fata, ta nuna wurin. Ya taɓa tsakiyar tabon, shiru. Ya lalubi jijiyar gwiwar hannunta, ta yi kauri. Ya ce kuturta ce, ya tura mu asibitin Danja, kusa da Maradi, don a tabbatar.

Ƴan uwa, mun yi kuka a hanya, ba mu ɓoye muku ba. Amma can aka bayyana muna cewa ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba gado ba ce, ba sammu ba. Maganin kyauta ne, ana shan shi wata 6 ko wata 12, gwargwadon yawan tabo da taɓuwar jijiya. Ita 12 aka rubuta mata. Da an fara sha ba ta kama kowa. Fitsari kan yi ja, fata ta ƙara duhu, kada wannan ya sa a bari. Yatsun da muke gani sun gundule, jinkiri ne ya kai su nan.

Ran da ta koma zama, wasu sun ja tabarmarsu gefe. Ba mu yi musu faɗa ba. Shugaba ta jawo kwanon fura ta sha, ta miƙa mata, ta karɓo ta sake sha. Yanzu tana wata na biyar, kuma duk ranar amsar magani ɗayarmu ce ke raka ta.