Hannun Yaya

Ranar da na karanta labarin Sandy Koufax, Yaya ne ya faɗo mini a rai. Koufax majefi ne a besbol, wasan nan na Amurka da ake jefo ƙwallo wani ya doke ta da sanda. Bahago ne. A 1966 ya ciyo wa Dodgers wasa 27, a shekarar kuma ya ajiye wasan yana ɗan shekara 30, saboda ciwon gwiwar hannu.

Yaya ma bahago ne. Shi ke korar tsuntsaye a geronmu na Sifawa, hogensa ba ya kuskure, har Bodinga ana zancensa. Yau kafaɗar ta ƙi, ko buta ba ya ɗagawa.

Da na ba shi labarin, dariya ya yi.

"Kai yaro, shi ai an biya shi."