Layin da bai cika ba

Ɗan yayana ya zo hutu Birnin Tudu daga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, ya miƙo mini littafin da yake rubuta awoyin tashinsa. Layin awoyin da ya yi tare da malami cike yake. Na waɗanda shi ne jagoran jirgi kuwa, kusan fayau.

Raina ya sosu, domin gonarmu ta noman rani a Bakolori muka jinginar aka biya kuɗin karatun. Na ce, “Ba kai ke tuƙin ba? Ka ƙara a nan mana.”

Ya ce, “Baffa, a matakin da nake, muddin malami na gefena, alhakin jirgin yana wuyansa. Tawa awar sai ya sauka ya bar ni ni kaɗai.”

Ƙa’idar hukumar ICAO ta duniya ta wajabta wa mai neman lasisin tuƙi na kasuwanci awa 100 ta jagoranci, ko 70 a kwas da aka amince da shi. Ni malamin makaranta ne, na sha korar ɗalibi kan satar amsa, ga shi yau bakina ya furta wannan. Kunya ta rufe ni.

Na mayar masa da littafinsa, na kama lissafin buhunan shinkafar da ragowar awoyin za su ci.