Sandar Kawu

A 1973, shekarar da aka bar fam da sule aka koma Naira da kwabo, Baba ya damƙa mini sandar Kawu. Shekarata tara. Ƙyanda ce ta ɗauke masa ido tun yana goye, ɗan jagoransa kuma ya girma ya tafi koyon ɗinki.

Da hantsi muke tasowa daga Tudun Wada, mu shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ni a gaba riƙe da bakin sanda, shi a baya da ƙoƙo. Jarinsa duka Imfiraji ne, waƙoƙin Malam Aliyu Namangi, wanda shi ma makaho ne, kuma yana raye a lokacin. Idan Kawu ya tsaya a ƙofar zaure ya ja baiti, sai ka ji tabarya ta yi shiru a cikin gida. Mata su aiko da tsaba, suna cewa, "Allah Sarki! Da ya rufe masa ido sai ya buɗe masa murya."

Ni dai ban taɓa yarda da zancen nan ba, don ɗakinmu ɗaya. Na san yadda yake biyan wani tsohon makaho goro don ya riƙa biya masa baitoci, ya kwana yana nanatawa har asuba, yana ƙirga ƙafiya da yatsu. Shekarar kuma ta fari ce. Buzaye sun gangaro daga Nijar, masu bara sun ninka, ƙoƙo ya yi sauƙi. Ranar da muka wuni ba abinci, muryar Kawu dushewa take yi, baitocin su sarƙe masa. Yunwa ba ta taɓa ƙara masa ko harafi ba.

Amma akwai abin da har yau na kasa warwarewa. Bayan matarsa ta rasu wajen haihuwa, ya yi kwana arba'in bai fita ba. Da muka koma yawo, sai na ji wasu baitoci a kan karin da na saba, amma ban san su ba, kuma akwai tulu da randa da zanen goyo a ciki.

"Kawu, wannan ma ta Namangi ce?"

Ya zungure ni da sanda. "Kai dai kula da kwata, ɗan nan."