Matan Fada Kafin Ranar Su

Da sanyin safiya na hau motar Argungu daga Sakkwato, ana tsakiyar hunturu, hazo ya lulluɓe fadama har ba a hango ƙarshen gonakin shinkafa. Da direba ya ji gulbi zan je kallo sai ya yi dariya, ya ce ai bikin kamun kifi sai Fabrairu ko Maris. Ni kuwa abin da ya kai ni ke nan. Kowa ya san hoton ranar su, dubban maza sun afka ruwa da homa da gora suna farautar giwan ruwa. Ina so in ga gulbin ranar da ba kowa.

Na ɗan leƙa gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, sannan na gangara gulbin Matan Fada.

Ruwan na kwance, ba jirgi ba taru, kuma doka ce ta sa haka. An hana su a wannan yanki sai ranar da aka buɗe, domin kifi ya samu sararin girma. Sarkin Ruwa ke kula da lafiyar gulbin da tsabtarsa, Homa kuma shi ne shugaban masunta. Kafin kowa ya tsoma ƙafa sai an yi gyaran ruwa, kana a yi fashin ruwa. Na tarar da wani dattijo yana ɗinkin homa a inuwa, muka gaisa, na ce, "Baba, yaya kuke gane ruwa ya yi kyan shiga?" Ya ce, "Malam, zurfi muke dubawa, da launi, da wari, da yadda kifi ke tasowa." Ya ci gaba da ɗinkinsa.

Wannan awo ne na gaske, kada ɗan boko ya raina shi. Shi ya riƙe bikin tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Su da kabanci, wato tseren kwale-kwale da kamun kifi da hannu da kamun agwagwar ruwa, duk a kan haƙurin sauran watanni suka dogara.

Sai dai ikon Sarkin Ruwa ba ya kaiwa inda ruwan ke fitowa. Can sama akwai madatsar Bakolori da aka gama a 1978 a kan gulbin Sakkwato, da ta Goronyo ta 1984 a kan Rima, ga injinan ban ruwa na manoman rani suna zuƙa tun daga nesa. A 2006 ruwa ya ja baya har aka hana su a bikin. Sannan akwai abin da ido ba ya gani: taki da maganin feshi da ke tsiyayowa daga gonaki, ƙwayoyin cutar da ke biyo bayan gida, da tsargiya, wadda tsutsarta ke fitowa daga jikin dodon koɗi ta huda fatar mai wanka. Waɗannan sai an ɗebi ruwa a kwalba an kai ɗakin gwaji. A Paris haka ake yi wa kogin Seine, wanda aka hana wanka a cikinsa tun 1923, ba a sake buɗewa ba sai 2025, kuma ko yanzu in an tafka ruwan sama akan rufe wuraren har sakamako ya gyaru.

Da na bi gaɓa na wuce yankin da aka killace, sai ga yara suna ta alkafura cikin ruwa, mata na wanki a gefe, an kawo shanu shan ruwa ƙasa kaɗan. Masu gasa sa'a guda suke yi a ruwa cikin shekara. Yaran nan kullum suna ciki daga hantsi zuwa la'asar, kuma in za a fara ɗibar ruwa don gwaji, a mashigarsu ya kamata a fara.