Ƙwallo da Awale a Gidan Yaran da Gari Ke Tsoro

Mu ne 'yan ajin ƙarshe. Shafin da aka ba mu a littafin bana mun ga ya dace mu cika shi da labarin wasu yara sa'o'inmu, waɗanda duk mai zama a Adjamé ko Treichville ya san sunan da ake kiransu da shi, wato mikrob.

Sunan ya bazu ne bayan rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011, wanda ya ci rayuka wajen 3,000 a Kodebuwa. Daga Abobo abin ya faro, ya bi Attécoubé, ya shigo mana Adjamé. Yara ne ke fitowa gungu-gungu da adduna da wuƙaƙe su tare hanya, wasunsu ko shekara goma sha biyar ba su kai ba. Cikin iyayenmu akwai wanda aka ƙwace wa cinikin yini a bakin tasha, akwai mai tabon sara a hannu har yau. Ba mu manta da wannan ba. Daga baya hukuma ta ce a daina kiransu da sunan ƙwayar cuta, a riƙa cewa yaran da suka saɓa wa doka.

To idan an kama su, ina ake kai su? A da, an daɗe ana ajiye wasu a sashen yara na gidan yarin MACA a Yopougon. Wasu an kai su cibiyar gyaran hali ta Dabou, wasu ta M'Bahiakro can cikin ƙasa. Akwai kuma gidaje masu zaman kansu da ke karɓar yaran da suka shiga wahala, irin su Abel a Grand-Bassam da Amigó a Yopougon. A irin waɗannan gidaje yaro yana kwana, yana ci, yana koyon karatu da sana'a. Akwai kuma wani aiki da ba a cika ba da labarinsa ba, shi ne aikin masu wasa da yaran.

A wannan shekara malaminmu na tarbiyya ya riƙa kai mu wani ƙaramin gida irin wannan, Asabar biyu a wata. Wanda ke karɓar mu yaran suna ce masa Tonton. Ya yi karatun wasanni da raya matasa a INJS da ke Marcory, abokiyar aikinsa kuma, da ake ce wa Tanti, ta fito daga INFS ta Cocody, inda ake horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Idan ka gan su daga nesa sai ka ce hira da wasa kawai suke yi ana biyan su. Kai, aikin da ke cikin wasan nan ba kaɗan ba ne.

Tonton ya ce mana sabon yaro ba ya magana. Yakan kwana da takalmi a ƙafa saboda ya saba gudu cikin dare, ya ɓoye burodi ƙarƙashin katifa ko da ya ƙoshi. Idan ka zaunar da shi a ofis ka ce ya ba ka labarinsa, kallon bango zai yi, don tambayoyi sun ishe shi tun daga wurin 'yan sanda. Saboda haka Tonton ba ya tambaya. Allon awale yake ajiyewa a inuwa ya zauna. Wata rana yaron zai matso ya tsaya yana kallo, wata rana ya zauna. Sai wasa ya yi nisa, hannu na zuba 'ya'ya ido na kan allo, ka ji ya ce, “Tonton, kakata ma tana da irin wannan.” Daga nan ƙofa ta buɗe.

Awale kuwa kun san shi: rami goma sha biyu, 'ya'ya 48, huɗu a kowane rami. Yana da wata ƙa'ida da Tonton ke so ƙwarai. Idan ramukan abokin wasanka suka ƙare, kuma kana da halin zuba masa, dole ka zuba masa don ya samu abin wasa. Yaron da ya tashi a inda mai ƙarfi ke kwashe komai, ranar farko cewa yake, “Don me zan ba shi? Ai na gama da shi!” Sai Tonton ya ce, “Ɗana, in ka bar shi ba komai, da wa za ka ci gaba da wasan?”

Da la'asar ake buga marakana, shida-shida, babu mai tsaron gida, raga 'yar ƙarama. Nan ma komai da dalilinsa. Ba a barin 'yan unguwa ɗaya su haɗu a ɓangare ɗaya, don kada tsohuwar gaba ta biyo su cikin fili. Yaron da ya fi kowa saurin hannu shi ake ba usur ya zama alƙalin wasa, ya ɗanɗana yadda ake ji idan mutum goma sha biyu suka taso maka da ihu. Wanda ya fusata ba a dukansa, ba a korarsa. Benci yake zuwa ya zauna ya sha ruwa har numfashinsa ya daidaita, sannan ya dawo. Bayan an tashi, kowa ya zauna a da'ira, a tambayi waɗanda aka ci: me ka ji a ƙirjinka lokacin da ƙwallo ta shiga? Me hannunka ya so ya yi?

Mun ga wani yaro da a farkon zuwanmu, duk ranar da aka ci ɓangarensu sai ya ɗauki dutse. Wajen watan azumi muka buga da su, muka ci su uku da ɗaya. Ya tsaya yana huci, ya juya ya tafi benci da kansa, ya zauna, can ya taso ya miƙa mana hannu. Tanti ta ce mana a hankali, “Yarana, kun ga abin da ya faru yanzu? Wata biyar muna jiran wannan.”

Ita Tanti wasan kwaikwayo ne nata. Wannan ya zama aparantin gbaka, wancan ɗan sanda, wancan uwa mai tallar aceke da aka fizge wa jaka. In an gama sai ta ce a yi musayar matsayi. Wanda ya saba fizge jaka shi zai ɗaura zani ya zama uwar. Da fari dariya ake yi har da faɗuwa. Amma mun ga yaro ya tsaya tsakiyar wasa, murya ta ƙi fita, saboda mahaifiyarsa ma talla take yi.

Kada a ɗauka wasa ya warkar da kowa. Akwai yaran da suka haura katanga suka koma tasha. Akwai masu fama da ƙwaya, musamman tramadol, waɗanda sai an haɗa da likita. Kuma ƙwallo ba ta ciyar da mutum, shi ya sa safiya ta ɗinki ce da kafinta da kanikanci. Sai dai Tonton ya ce yaron da bai koyi haƙurin a ci shi a fili ba, ba zai jure faɗan maigida a shago ba. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda Kodebuwa ta amince da ita a 1991, ta sa wasa cikin haƙƙoƙin kowane yaro. Mu ma a darasin sira mun karanta yadda Annabi (SAW) ya je wajen ƙanin Anas ɗan Malik yana tambayarsa cikin raha labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu, don ya rage masa baƙin ciki.

Abin da ya fi damun ma'aikatan shi ne ranar sallama. Yaro ya yi watanni yana koyon riƙe zuciyarsa, ya dawo unguwa, a masallaci a ja takalmi gefe, a fili a ce ƙungiya ta cika. Su waye za su yi masa maraba? Tsofaffin abokansa na bakin tasha, su kaɗai.

Don haka muke roƙo. Iyayenmu masu shaguna a Forum na Adjamé, da masu gasa nama da sayar da garba a Treichville, idan gida irin wannan ya nemi a ɗauki yaro ɗaya koyon aiki, a saurare su kafin a ce a'a, tunda ma'aikatan sukan ci gaba da bibiyar yaron. 'Yan'uwanmu ɗalibai, mun bar wa ajin da ke bayanmu allon awale biyu da ƙwallo ɗaya a ofishin malam, Asabar ɗin kuma tana nan. A gasar marakana ta babban hutu, muna so kowace ƙungiya ta bar gurbi ɗaya ga yaron da ya dawo gida.