Zaure Ne Ofishinmu na Farko

A shekarar 1907 Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkinsu ta Arewa daga Gambaga suka kawo ta Tamale, suka kafa ofisoshi, suka zuba akawuna. Mu kuwa a zango, zaure ne ofishinmu. A nan maigida yake sauke fatake, a ƙirga kuɗin goro, a sasanta rikici, a ɗaura aure.

Irin wannan gini bai gaza ba. A Kano akwai Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909. Ginin ƙasa ne: bango mai kauri na tubali, rufin azara, da zankwaye a saman soro. Kaurin bangon ne yake tare zafin rana, ɗaki ya yi sanyi ba fanka. Har yau yana tsaye, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana aiki a cikinsa, domin ba a daina yi masa yaɓe ba.

A Moshi Zongo fa? Zaure ya tsage, sai mu rushe shi, mu ɗora shagon bulo da kwano, mu ba da haya. Ba mu ga laifin mai neman abinci ba. Sai dai maginan da suka iya yaɓe suna ƙarewa, haka ma dattawan da suka san labarin kowane zaure. Kafin daminar bana, mu zaɓi ɗaya cikin waɗanda suka rage, mu haɗa kuɗi mu gyara shi, mu rubuta sunan wanda ya gina shi a jikin bango.