Abin da na gani a wayar ɗana



Ɗana na biyu yana aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Agege. Zangon karatun da ya wuce sai ya tsiri ciwon ciki duk safiyar Litinin. Uwarsa ta yi ta ba shi jiƙo, ni kuma ina ta faɗa, a zatona lalaci ne.

Wata rana da daddare na karɓi tsohuwar wayata da na bar masa saboda aikin gida, na leƙa zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Ashe an ɗauki hotonsa yana cin abinci, an liƙa masa ƙahon saniya, an mai da shi sitika, an rubuta "aboki" a ƙasa. Duk tambayar da ya yi kan darasi, sitikar nan ce amsarta.

Mu mazauna Kudu mun san yadda kalmar nan ke zama zagi a bakin wasu. Ni na saba jin ta a kasuwar Mile 12, in na tashi kuma can nake barin ta. Shi kuwa tana biye da shi har kan katifarsa, ƙarfe goma na dare.

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa mini. Ya ce, "Baba, ai ƙwace wayar za ka yi." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ya fi sitikar ƙona mini rai.

Ban ƙwace ba. Na ɗauki hoton saƙonnin da ranakunsu tun kafin a goge, na kai wa malamin ajinsu. Da farko ya ce abin da ya faru a waya ba hurumin makaranta ba ne, sai da na nuna masa cewa a harabarsu aka ɗauki hoton. Aka kira iyayen yara uku. Ɗaya daga cikinsu ɗan Hausawanmu ne, ya bi ayari don kada a juyo kansa.

Ni ma da nawa laifin. WhatsApp, Facebook da TikTok duk shekara 13 suka gindaya, shi kuma yana da 12, ni na buɗe masa. Yanzu mun gyara saitin wayar yadda baƙuwar lamba ba za ta jefa shi wani zaure ba, wayar kuma a falo take kwana, har da tawa. Na kuma yi masa alkawarin duk abin da ya nuna mini, ba zai jawo a raba shi da ita ba.

Ciwon cikin ya tafi. Sai dai har yau ba ya yarda a ɗauke shi hoto, ko a gidan biki.